Wallahi Na Riƙe Wayar da Babu Android a Cikinta, a Nan Dakoro

Jama'a, ku bar ni in faɗa tun da zafinsa kafin abin ya huce mini. Ranar kasuwar da ta wuce, a nan garin Dakoro, da hannun nan nawa na dama, na riƙe salular da ba Android ba ce, ba kuma iPhone ba. Babbar waya ta shafawa, sabuwa dal, ko ledar fuskarta ba a ɓare ba. Na juya ta gaba da baya, na bi cikinta lungu-lungu kamar mai neman allura a rumbu, ban ci karo da sunan Google ko sau ɗaya ba. Tun daga ranar duk wanda ya yi mini sallama sai ya sha labari, har uwargida ta ce in na ƙara ambaton wayar nan a kan tuwo za ta ɗauke kwanon. Shi ya sa na ɗauko alƙalami, ku ma ku sha naku rabon.

Kawuna ne ya zo da ita, ƙanen mahaifiyata, cikin alhazan Maraɗin nan masu zuwa sarin kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin, wanda su a bakinsu Gwanzu ne. Fitilun sola yake kawowa da kayan gyaran babur. Ya taso daga Maraɗi da sassafe, ya biyo ta Kornaka, tafiyar sama da kilomita 100, wai raguna ya zo nema, don a cewarsa naman arewa daban yake. Da la'asar ya iso fadarmu, gindin bedin da muke dafa shayi, an sauke na fari ana haɗa na biyu. Aka gaisa, aka tambayi mutan gida, sai ya sa hannu a aljihun gaba ya zaro ta ya miƙo mini.

"Ɗana, kai da ka iya kayan boko, riƙa wagga ka gaya mani mi ka gani."

"To, Kawu."

Huawei ce, samfurin nova 14. Na ɗora yatsa a fuskarta, shafi ya zame kamar man shanu a kan tuwo mai zafi. Ni da na saba da tsohuwata, wadda in na taɓa hoto sai na yi salati uku kafin ya buɗe! Na kunna kyamara na ɗauki kofin shayi, kumfar nan ta fito ƙwaya-ƙwaya, har da tururin da ke tashi. Samari suka yo caa a kaina, wannan ya leƙo ta kafaɗa, wancan ya ce a ɗauke shi. Duk wannan bai girgiza ni ba, waya mai tsada dama haka take. Sai da na shiga wurin da ake duba asalin waya. Daidai inda ido ya saba ganin Android da lambarsa, sai ga HarmonyOS 5. Na fita na sake shiga, ko idona ne. Na nemi Play Store, babu. Gmail, babu. YouTube, babu. A madadinsu wani shago ne mai jar alama, AppGallery, na buɗe na tarar da manhajoji jere reras, sunayensu da rubutun Sinawa mai kama da sawun kaji a rairayi. Nan fa gabana ya faɗi, irin faɗuwar gaban daɗi.

Ga wanda bai ga dalilin rawar jikin nan ba, bari in ɗan warware. Kowace wayar shafawa tana da uwar manhaja, wadda masu gyara ke kira sistem. Ita ce filin kasuwa. WhatsApp da Facebook da TikTok da sauransu rumfuna ne da aka kafa a kai. Shekara da shekaru kasuwa biyu ke ci a duniya: Android na Google, wanda wayarsa ta farko ta fito a 2008, da iOS na Apple da ya riga shi da shekara guda. Kada wani ya ce mini ai Tecnonsa HiOS ce, ko Infinix ɗinsa XOS. Riga ce kawai aka ɗinka masa. Ka tuɓe rigar, Android ne tsaye a ciki. To ga ni zaune a kan tabarma, ƙurar garke na tashi daga hanyar kasuwar dabbobi, riƙe da kasuwa ta uku.

Labarin yadda aka haife ta na san shi tun ina bin sa a rediyo. A watan Mayun 2019 gwamnatin Amurka ƙarƙashin Donald Trump ta sa Huawei cikin jerin kamfanonin da aka hana Amurkawa hulɗa da su sai da izini. Dole Google ya janye manhajojinsa daga sababbin wayoyin kamfanin. Ku tuna ba ƙaramin ɗan tebur aka taɓa ba: kamfanin da Ren Zhengfei ya kafa a Shenzhen a 1987 ya kai matsayin da, daga Afrilu zuwa Yunin 2020, ya fi kowa sayar da waya a duniya, har ya wuce Samsung. Daga nan ciniki ya rufta, har Huawei ya sayar da reshensa Honor a ƙarshen shekarar. A watan Agustan 2019 ya sanar da HarmonyOS, Sinawa na ce mata Hongmeng, aka fara sa ta a talabijin, ta hau waya a 2021. Masu suka suka ce ai Android ce aka sake wa suna, kuma ba su yi ƙarya duka ba, don manhajojin Android na hawa kanta lafiya lau. Sai ranar 22 ga Oktoban 2024 kamfanin ya fito da wadda ya kira HarmonyOS NEXT, ita ce 5 ɗin da na gani, ya kwashe duk abin da ya rage na Android a cikinta, tun daga tushe. An yanke cibiya ke nan.

Ina cikin zuba wannan bayani wani saurayi a fadar ya miƙe tsaye, kofi a hannu. Ya ce ai shi ke nan, yadda sojan Faransa suka tattara suka bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka suka bar Agadas a 2024, haka Sinawa suka kori Amurka daga cikin waya, mu ma sai mu bi sahu. Aka yi shewa. Ni ma, ban ɓoye muku ba, na tafa.

Wanda ya zuba mana ruwan sanyi bai ma san ya yi ba. Wani abokina ne Bafillace, dillalin shanu daga wajen Bermo, yana zaune gefe tun ɗazu da sandarsa a kan cinya, bai ce uffan ba. Ya miƙo hannu, ya karɓi wayar da yatsu biyu kamar ƙwai, ya duba gabanta, ya duba bayanta, ya dawo mini da ita.

"Mushe, tana bokal?"

Ga 'yan'uwa na Najeriya: mushe a bakinmu malamin makaranta ne, kada ku yi mini dariya, bokal kuma saƙon murya na WhatsApp. Mutumin nan bai san bihim a boko ba, amma ranar kasuwa wayarsa ba ta hutawa. Ya ɗauki hoton bijimi ta gaba da ta gefe, ya danne alamar makirufo da babban yatsa, ya yi magana da Hausa ko Fillanci, saƙo ya tafi wurin mai saye a Maraɗi ko Jibiya ko Mai'aduwa. Kafin dabba ta hau mota an gama ciniki. Da bokal yake jin inda aka yi ruwa a kwarin Tarka, da bokal ake gaya masa rijiyar da ta ƙafe. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, wanda bai yi lakkol ba ya daina neman mai karanta masa wasiƙa. A wurinsa abin da ake nufi da babbar waya ke nan, sauran duk ado ne.

Na shiga AppGallery na rubuta WhatsApp. Na duba sama, na duba ƙasa. Na sake rubutawa a hankali, harafi-harafi, ko na yi kuskure. Fadar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar butar shayi a kan gawayi. Kawu kuwa ya koma gefe yana ciniki da mai raguna, ko kallonmu bai yi ba.

Ban tsaya shan na uku ba. Na ce, "Kawu, ara mani ita na rabin awa." Ya ɗaga hannu alamar in je. Na tare kabu-kabu, sai bakin tasha, rumfar wani tsohon ɗalibina da ke gyaran salula. Ku zo ku ga rumfar nan: faifan sola biyu a kan rufi, batir ɗin mota a ƙarƙashin tebur, allon katako da aka jera wa soket sun fi 40, kowace waya da 'yar takarda mai lamba an ɗaure mata da roba, ta mutanen ƙauye ce da suka kawo caji, dala 20 kowace, wato sefa 100. Gefe guda kwamfutarsa ce da yake zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi da finafinan Kano a katin memori. Duk wata manhaja da ke yawo a wayoyin garin nan, rabinta daga hannunsa ta fita, sauran kuma an tura ta daga waya zuwa waya ta Xender, ba a ƙona ko mega ɗaya ba.

Ya karɓa, ya shafa sau biyu, ya ɗago ya kalle ni.

"Mushe, ina ka samo wagga?"

Ya sa mata igiya ya turo fayil ɗin WhatsApp, wanda suke kira APK, irin wanda yake zuba wa mutum 20 a yini. Fayil ya shiga, amma bai hau kamar yadda ya saba hawa ba. Ya yi murmushi, ya ce ba lalacewa ta yi ba, yarensu ne ba ɗaya ba. Kamar ka karanta wa Bazabarme wasiƙa da Barbarci. Manhajar da za ta zauna a kanta kai tsaye sai an sake rubuta ta daga farko saboda ita. Sai ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani kwalin taliya, ya busa ƙurar da ke kai.

"Mushe, zo ka ga mushe."

Na leƙa, sai da na zauna a kan benci. Maƙabarta ce guda. A sama wata Nokia ce mai maɓallai cike da fuska, ta zamanin Symbian, lokacin da in an ce waya to Nokia ake nufi. A watan Fabrairun 2011 shugaban kamfanin, Stephen Elop, ya sanar da cewa sun bar Symbian sun koma Windows Phone na Microsoft. Ƙarƙashinta ga sakamakon wannan aure, Lumia ruwan ɗorawa, har yau launinta bai dushe ba. Na tuna wani abokin aikina da ya yi ta yi mana fankama da irinta, kuma gaskiya tana da kyau, tana da sauri. Microsoft ya zuba sama da Yuro biliyan 5 ya saye sashen wayoyin Nokia a 2014. Kuɗin da zai gina birni! Bai hana kasuwar watsewa ba. Ga BlackBerry, wadda a da in ba ka da lambar BBM 'yan birni ba sa ganinka da gashi. An rufe BBM ɗin jama'a a 2019, tsoffin wayoyin kuma aka yanke musu hidima a Janairun 2022.

Can ƙasan kwalin ya zaro wadda ta fi ba ni tausayi, don tamu ce, an yi ta ne da mu a rai. Klif, 'yar ƙaramar wayar shafawa da Orange ya fito da ita a 2015 a ƙasashe 13, har da Nijar, a kan kuɗin da bai kai dalar Amurka 40 ba. Firefox OS ce a cikinta, ta gidauniyar Mozilla, masu cewa intanet na kowa ne, kada kamfani ɗaya ya riƙe ƙofa. Niyya mai kyau, farashi mai sauƙi, ga babban kamfanin sadarwa a bayanta. Kafin shekarar ta fita, a watan Disamba, Mozilla ta ce ta daina. Orange ɗin kansa ya sayar da reshensa na Nijar a 2019, shi ne ya zama Zamani Telecom.

Daga tokar Firefox OS aka gina KaiOS, ita ma ga gawarta a kwalin, wata Tecno T901 da ta shigo ta iyakar Najeriya. Wannan kam na ɗauka za ta rayu. Waya ce mai maɓalli, mai riƙe caji, amma tana intanet, tana YouTube, kuma tana WhatsApp har da bokal. A Indiya ta watsu kamar wutar daji a cikin JioPhone tun 2017. Google da kansa ya zuba mata dalar Amurka miliyan 22 a 2018. A 2019 Orange ya kawo ta Afirka ta Yamma da sunan Sanza a kan kimanin dalar Amurka 20, MTN ma ya sayar da irinta a Najeriya. Kamar an auna aljihun talaka aka ɗinka ta. Sai wayoyin Android masu araha suka yi ta saukowa suna matse ta, a farkon 2025 kuma WhatsApp ya daina aiki a kanta. Ɗalibin nawa ya ce tun daga lokacin, duk wanda ya kawo masa irinta, tocila da rediyo kawai yake so a gyara.

Muka jera su a kan tebur, sai ga wani abu ya fito fili. WhatsApp ya bar Symbian a tsakiyar 2017, ya bar BlackBerry a ƙarshen 2017, ya bar Windows Phone ranar ƙarshe ta 2019, ya bar KaiOS a 2025. Kada a ce shi ya kashe su; cutar ta riga shi zuwa, shi dai liman ne mai sallar gawa. Cutar kuwa duk wanda ya taɓa ganin an buɗe sabuwar kasuwa a garinsu ya san ta. An share fili, an gina rumfuna da siminti, an yanka ƙyalle da kiɗa. Mai kaya ya ce ba zai tashi daga tsohuwa ba sai ya ga masu saye, masu saye suka ce me za su je yi wurin da babu kaya. Shekara biyu awaki ne ke kwana a rumfunan.

Na dawo fada gab da magariba jikina a sanyaye, na miƙa wa Kawu kayarsa, na ce, "Kawu, tana da kyau, amma ba ta bokal." Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Yaran zamani! Kun karanta boko, ba ku karanta haƙuri ba."

Ya shafa fuskarta har shafin ƙarshe, ya taɓa wani ɗan akwati mai sunan Sinanci da na tsallake sau uku. Sai ga koriyar alamar nan! WhatsApp, da ransa da lafiyarsa! Ya danne makirufo ya yi wa Bafillacen nan sallama, wayar mutumin ta yi ƙara a cikin rigarsa, fada ta kaure da ihu, wani har ya zubar da shayi a kan tabarma. Yaron shagon da ya saya a Gwanzu ne ya sa masa. Manhaja ce da ake kira EasyAbroad, an yi ta ne don Sinawa masu fita waje. Wani ɗan ɗaki take ginawa a cikin wayar, ta shimfiɗa wa manhajojin Android tabarma a ciki su zauna. Wato dai an kori mutum ta ƙofar gida da ganga, da dare ya yi aka buɗe masa ɗakin baƙi.

Daren nan ban yi barcin kirki ba, ina ta juya abin.

A Sin lissafin a bayyane yake. Can babu Play Store, WhatsApp da Facebook da YouTube duk a toshe suke. Abin da Basine ke buƙata WeChat ne, da Alipay na biyan kuɗi, da Taobao na saye da sayarwa, da Douyin, yayan TikTok, uwarsu ɗaya ByteDance. Masu waɗannan rumfuna duk 'yan gida ne, ana iya zama da su a sha shayi a daidaita. Ranar ƙaddamarwa Huawei ya ce manhajoji da hidimomi sama da 15,000 sun riga sun shigo, WeChat da aka fi jira ya iso a Janairun 2025. Tun kafin haka ma, kamfanin ƙididdiga Counterpoint ya ce a watanni uku na farkon 2024 HarmonyOS ta kai kashi 17 cikin 100 na wayoyin da aka sayar a Sin, iPhone na da 16, ko da yake waccan tsohuwar ce mai karɓar manhajojin Android. Wannan ita ce sabuwar kasuwa ta farko da na ga 'yan kasuwa sun tare a cikinta da gaske, kuma ina ganin a can ta zauna ke nan. Ba za ta shiga kwalin taliya ba.

Dakoro fa? Rumfunan da muke ci a cikinsu na Meta mai WhatsApp da Facebook ne da Google, Amurkawa, sai TikTok. Na gida kuma, irin MyNita da muke tura kuɗi da ita, don Android da iPhone aka rubuta su. Wa zai ce wa mai rubuta manhaja a Yamai ya zauna ya koyi ArkTS, yaren da ake rubuta wa HarmonyOS, ya sake gini daga tushe, saboda alhazai goma sha? Huawei da kansa ya san haka: wayoyin da yake sayarwa a wajen Sin EMUI ce a cikinsu, wadda aka gina a kan Android.

Sannan kuɗi. Kawu ya ce ta haura jika 200, wato sefa dubu 200, kafin ta bar Gwanzu. Matashin da ya sayar da buhun wake ya shigo gari neman babbar waya, jika 40 ko 50 ke cikin aljihunsa. Ɗalibina ya ƙara da tambayar da ban yi tunaninta ba: in fuskar wannan ta fashe, a ina zai samo wata? Ta Tecno ko Itel, ya buga waya Maraɗi da safe, da yamma tana cikin motar Dakoro. In ta yi wuya a aiko daga kasuwar Farm Centre ta Kano. Wayar da ba ta da kayan gyara a Maraɗi, faɗuwa ɗaya daga kan babur ta zama madubi.

A nan ne abin ya faɗo mini, wajen ƙarfe biyun dare, har na tashi zaune. Tunda nake, ban taɓa jin mutum ya shiga kasuwar Dakoro ya ce a ba shi Android ba. Ba a taɓa yi ba! Cewa ake a ba ni Tecno mai pus biyu, wato sim biyu, don in rezon Airtel ya ɗauke a koma Moov ko Zamani. A ba ni Itel mai babban batir, wadda za ta kwana uku a ruga. A ba ni mai ƙara, mai tocila, mai fito da fuskar baƙin mutum a hoto ba inuwa ba. Kamfanin Transsion na Shenzhen, wanda Zhu Zhaojiang ya kafa a 2006, mai Tecno da Itel da Infinix, shi ya zauna ya saurari waɗannan buƙatu ɗaya bayan ɗaya, har ya sa Hausa a cikin wayoyinsa, ya kafa masana'anta a Habasha a 2011, yau kusan rabin manyan wayoyin da ake sayarwa a Afirka nasa ne. Android a cikin kayansa ya shigo garin nan, kamar ƙwaryar da aka saya aka tarar da ludayi a ciki. Babu wanda ya zaɓe shi, babu wanda ya san sunansa sai masu gyara da irina masu shisshigi.

Saboda haka ga hukuncina, kowa ya riƙe ni da shi. HarmonyOS ba za ta shigo Dakoro don ta fi santsi ba, ba kuma za ta shigo don samarin fada sun tafa wa Sin ba. Soja ana ba shi wa'adi ya fita. Abin da ke aljihun mutum miliyan, wa'adi ba ya fitar da shi. In za ta shigo, a ɓoye za ta shigo, cikin wayar jika 40, WhatsApp a kan fuskarta ba a ɗakin baƙi ba, kuma mai saye ba zai ma san an canja masa komai ba. Hanyar ba a rufe take ruf ba. Tun 2020 Huawei ya miƙa tushen manhajar, OpenHarmony, ga gidauniyar OpenAtom, kowane kamfani na iya ɗauka ya gina. Transsion ma ɗan Shenzhen ne, kuma ya ga gemun maƙwabcinsa ya kama wuta. Amma muddin Android na zuwa masa da WhatsApp da YouTube da komai a shirye, ban ga abin da zai sa ya bar rijiyar da ke ba da ruwa ya tafi haƙar sabuwa ba. Abin da kawai zai tura shi, a ganina, shi ne a yi masa irin abin da aka yi wa Huawei a 2019.

Akwai ɗan siririn zare guda da ya riga ya iso, shi ne irin su Kawu. Masu ba shi kaya a Gwanzu ba su san wani WhatsApp ba, a WeChat suke turo hoton kaya da farashi da lambar kwantena. A gare shi wayar nan ta yi daidai, shagonsa na Sin ne a aljihu. Alhazan Maraɗi da Damagaram da Kano masu wannan hanya za su riƙe ta a matsayin waya ta biyu, kuma a nan za ta tsaya na wani lokaci mai tsawo.

Da safe na raka shi tasha. An ɗaure raguna biyu a kan motar Maraɗi, suna ta kuka. Huawei na aljihun gaba, an lulluɓe ta da hankici saboda ƙura. Direba ya ɓace wajen mai kosai, Kawu ya laluba aljihun gefe ya zaro wata 'yar Itel mai maɓalli, bayanta ɗaure da roba, da ita ya kira shi. Na roƙe shi in ya koma Gwanzu bayan azumi ya tambayo mini nawa ake sayar da ta hannu, ko da fuskarta ta ɗan tsage. Ya ce in fara tara jika 100.